Shari'ar Motar da ke Mutuwa Tana Farfaɗowa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Mubi, ta karya kwana a Mararraba, ta miƙe arewa ta ratsa Uba zuwa Michika da Madagali, lalle ya taɓa ganin mota tsaye a gefen kwalta an ɗaga bonet, fasinjoji sun watse neman inuwa, direba kuwa ya riƙe ƙugu yana kallon injin kamar mai jiran ya yi masa bayani. Illolin mota iri-iri ne, amma wadda ta fi cin rai da cin aljihu ita ce ta motar da za ta mutu haka kawai ana tsakiyar tafiya, a yi ta murza makulli ta ƙi tashi, sa'an nan bayan an sha ruwa an yi salla a sake taɓawa ta tashi garau, kamar ba ita ce ta wulaƙanta jama'a ɗazu ba. In an kai ta gareji washegari bakanike ba zai ga kome ba, domin majinyaciyar ta miƙe tun kafin likita ya iso. Da yake kuwa abin kunya ne a wurinsa ya sallami mai mota hannu rabbana, sai ya ɗora laifi a kan wani ƙarfe bisa zato, a sayo sabo a ɗaura, bayan kwana uku a sake samun kai a gefen hanya.

Irin wannan ta same ni a wata bazara, cikin wata tsohuwar Golf ta haya, ana saura ƙiris mu shiga Uba, garin nan da iyakar jihohi biyu ta raba, wani sashe yana ƙarƙashin Hong ta Adamawa, wani kuma yana Askira/Uba ta Borno. Rana ta take tsaka, babu gargada babu tari, sai injin ya ɗauke cak kamar an hure fitila. Muka tura ta har gindin wata bishiyar dalbejiya inda wani dattijon bakanike ke zaune da yaransa, direbanmu kuwa, wani saurayi da gumi ya jiƙe wa riga, tun kafin ya gama sallama ya yanke hukunci: «Baba, famfon mai ne kuma, wallahi wannan ne na biyu da na saya.» Dattijon bai tashi daga benci ba. Ya ce, «Ɗana, zauna tukuna. Da ta mutu, shaƙewa ta yi tana fizga, ko ɗaukewa ta yi gaba ɗaya? Da safe takan yi maka haka, ko sai ta yi zafi? Kuma in ta mutu, minti nawa take yi kafin ta yarda ta tashi?»

A lokacin na ɗauka jan rai ne irin na masu sana'a, sai daga baya na fahimci cewa tambayoyin nan uku su ne rabin aikin, domin a irin wannan mas'ala direba shi kaɗai ne shaidan da ya halarci abin da ya faru, kuma alƙalin da ya yanke hukunci bai saurari shaida ba, ko ya dace da gaskiya, sa'a ce kawai ya taka.

Asalin al'amarin ba shi da wuyar fahimta. Injin fetur, wanda ya samo asali daga injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, yana tsaye ne a kan rukunai huɗu: iska, da mai gwargwadon iskar, wato kimanin kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska in an auna da nauyi, da matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Matsi ba ya tafiya da azahar ya komo da la'asar, in ya tafi ya tafi ke nan sai an sauke injin. Iska kuwa da wuya ta yanke gaba ɗaya. Saboda haka a motar da ke mutuwa tana farfaɗowa waɗanda ake tuhuma biyu ne, mai da wuta, kuma yanayin mutuwar kan nuna wanda ya fi kusa da laifi, domin yunwar mai takan zo da shaƙewa da fizga da raguwar ƙarfi, musamman a hawa, alhali yankewar wuta farat ɗaya take yi ba sallama. Kafin wannan ma akwai wata rarrabewa da masu mota ke yawan cakuɗawa, wato tsakanin motar da kik ke juya injinta amma ya ƙi kamawa, da wadda ko juyawa ba ta yi sai ƙas-ƙas. Ta biyun maganarta gajera ce: a duba kan batir ko ya yi tsatsa ko ya saki, a duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, a auna batirin, wanda lafiyayyensa kan nuna bolt 12.6 in yana hutawa, ya haura zuwa wajen 14 in injin na aiki kuma caji na shiga.

Tamu motar kuwa injinta na juyawa sarai. Dattijon ya taso ya ce kowa ya yi shiru, ya sa yaronsa ya kara kunne wajen kujerar baya, inda tanki yake, aka kunna makulli ba tare da an yi kik ba, yaron ya ce ya ji ɗan gurnanin famfo na daƙiƙa biyu. Sa'an nan ya zare wayar fulogi guda, ya sa mata wani tsohon fulogi daga aljihunsa, ya jingina gindinsa da ƙarfen injin, ya ce a yi kik. Duka muka sunkuya muna kallo, ko ƙyas babu. Ya ɗago ya dubi direba ya ce, «To ka gani, famfonka ba shi da alhaki.» Gaggawar da ya yi a wannan gaɓar, bayan jinkirin da ya yi a farko, ita ce hikimar sana'ar, domin laifin yana nan ne muddin injin na da zafi, kuma kowane minti da ya wuce hujja ce ke sulalewa.

Me ya haɗa zafi da yankewar wuta? Kwayil, wanda ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai masu yawa domin tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi, a cikinsa akwai wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, an naɗe ta zagaye dubbai. Haka ma na'urar nan da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota cewa injin na juyawa, ko tana cikin distiributa ko tana jikin kuranshaf, da kuma rile mai ba famfo wuta, wanda ƙafafunsa ke manne da dalma. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce. Idan tsufa da girgizar hanya suka haifar da tsaga wadda ido ba ya gani, bakunan tsagar kan taɓa juna da sanyin safiya wuta ta wuce lafiya, amma in aka yi tafiyar sa'a guda a watan Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki kan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet, sai su rabu, motar ta mutu, ta kuma zauna a mace har ƙarfen ya huce ya koma mazauninsa. Wannan shi ne sirrin da wasu ke jingina wa iskokai ko sammun abokan gaba a tasha, alhali ɗabi'a ce da Allah ya halicci ƙarfe a kanta. Tsofaffin Honda na shekarun 1990 sun yi suna a duniya da wannan ciwo na tsagewar dalmar rile, har ya zama direba ya ajiye mota a rana ya shiga kasuwa, ya fito ta ƙi tashi sai ya buɗe ƙofofi ta sha iska.

A gindin dalbejiyar nan kuwa, sai dattijon ya jiƙa tsumma da ruwan buta, ya ɗora a kan kwayil shi kaɗai, yana kaffa-kaffa kada ruwa ya taɓa bakin wayoyi, bai kuwa taɓa distiributa ba, domin in ka sanyaya abu biyu a tare motar ta tashi, ba ka san wanda za ka kama ba. Bayan ɗan lokaci aka yi kik ta tashi. Bai gamsu ba, ya bar ta tana aiki an rufe bonet har ta sake mutuwa, ya sake gwada fulogi babu wuta, ya sake jiƙa tsumma ta sake tashi. Sai a nan ya aiki yaro ya nemo kwayil, domin zato ya riga ya zama yaƙini.

Ba kullum wuta ce mai laifi ba, kuma a wannan zamani ɓangaren mai ya ƙaru da sababbin dalilai. A yawancin motocin da ke da nozul, famfo a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin da yake turawa shi ne kuma ke sanyaya shi. Tun kuwa da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, direbobi da yawa sun koma sayen lita biyar-biyar, famfo na aiki a kusan busasshen tanki, ya yi zafi ya tsaya, ya huce ya ci gaba. Ga kuma man 'yan bumburutu, wanda a garuruwan da ke kusa da iyakar Kamaru wani lokaci shi ne kaɗai ake samu, yana zuwa da ƙura da ruwa daga jarka zuwa jarka. Dattin kan taru ya toshe rariyar famfo ana cikin gudu, in an tsaya ya zube ƙasa hanya ta buɗe. Ko man gidan mai ma ba ma'asumi ba ne, kowa na tune da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022. Gwajin ruwa kuwa ba ya bukatar kome sai farar kwalba: a zuba man a ajiye, ruwa ya fi nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙuru-ƙuru. Akwai ma wata illa mai ban dariya, ta tankin da hanyar numfashinsa ta toshe, famfo ya yi ta zuƙa har ya rasa ƙarfin ja. Alamarta ita ce in an buɗe murfin tanki a ji ya ja iska fuu, motar kuma ta tashi nan take.

Masu tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, su nasu ciwon a fili yake, kafireta ce da kwantak da kwandensa, abubuwan da ake kwancewa da sukudireba a gani da ido, shi ya sa har gobe wasu dattawan direbobi ke yi musu kallon motocin amana. Motocin baya kuwa sun zo da ƙwaƙwalwa mai ajiye tarihin laifi, wadda Amurka ta wajabta mata soket iri ɗaya tun 1996, Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001, kuma yanzu ana samun masu na'urar karanta ta a manyan garuruwa. Amfaninta babba ne, sai dai ni a ganina an ba ta matsayin da ya wuce nata, domin abin da take faɗa shi ne ta daina jin saƙo daga wuri kaza, ba ta bambance ko na'urar ce ta mutu ko ɓera ne ya ci waya, sau da yawa kuma famfo kan mutu ba ta rubuta kome ba. Wanda kuwa ya cire kan batir a gefen hanya don wai motar ta dawo hayyacinta, a motoci da dama ya goge ɗan abin da ta rubuta ɗin da hannunsa.

Wajibi ne a ambaci hatsari, ko da a taƙaice. In injin ya mutu ana gudu, sitiyari kan yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne suka rage masa da sauƙi kafin ya ƙanƙare, don haka a nemi gefen hanya tun motar na da sauran gudu, kada a yi ta famfa birki a banza, kada kuma a zare makulli sitiyari ya kulle. Al'adar nan ta tsiyaya fetur a bakin injin ana kik, ko gwada tartsatsi kusa da tiyon mai da aka kwance, ta ƙone fuskoki da motoci ba kaɗan ba.

Da aka ɗaura kwayil ana shirin tashi, direbanmu ya buɗe but zai gyara kaya, sai ga tsohon famfon da aka cire masa makonni biyu da suka wuce, a naɗe cikin leda tare da fulogi huɗu. Dattijon ya karɓa ya jujjuya shi, ya sa yaro ya miƙo wayoyi biyu, ya taɓa su a kan batir, famfon ya ɗauki gurnani lafiya lau. Ya miƙa masa abinsa ya ce, «Adana shi, ɗana, wata rana za ka bukace shi.» Muka shiga, muka isa Michika kafin magariba, ba ta ƙara ko tari ba.