Hoton da ba ya rawa: abin da mai ɗaukar hoto na Adar ya kamata ya sani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In akwai inda wannan magana ta tabbata a ƙasarmu, to a gundumomin Madawa da Buza da Keita ne, cikin jihar Tawa. Bayan farin shekarun 1973 da 1974, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, a shekarar 1975, domin su tare iskar da take kwashe ƙasar gonaki. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya, inda talakawa, galibinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa a kan faƙo, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18 cikin shekara ashirin. Wanda bai taɓa zuwa ba, da hoto ya san wannan aiki.

Garin Galma na ƙasar Madawa ya shiga littattafan masana saboda hotuna biyu da aka ɗauka daga sama, ɗaya a 1975, ɗaya a 2003. Da Gray Tappan, masanin taswira na Amurka, da abokan aikinsa irin su Chris Reij suka jera su, sai aka ga itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonaki, alhali mutane ma sun ƙaru. Irin wannan kwatanci ne ya kai su ga ƙiyasin cewa manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Da waɗannan hotuna sun fito dishi-dishi, da ba wanda zai iya ƙirga itace ko ɗaya a cikinsu.

Saboda haka, ƴan uwa masu karatu, muka ga ya dace mu yi bayani a kan dabaru biyu da suke cikin kyamarorin zamani masu madubi, waɗanda ƴan kasuwa suke kira refleks: dabarar tsai da rawar hannu, da dabarar gani kai tsaye a kan allo. Tun da manyan kamfanoni suka juya ga kyamarori marasa madubi, na hannu masu madubi sun yi sauƙin kuɗi, suna shigowa daga Yamai da Kano da Sakkwato, matasa masu hoton biki da ma'aikatan karkara suna saye. Wanda ya sayi abin da bai sani ba kuwa, ya sayi da na sani.

Yadda kyamara mai madubi take

A gaban kyamara akwai ido, wato jerin gilasai da suke tara haske. Bayan ido akwai ɗan madubi a karkace, wanda yake tura hasken sama zuwa tagar leƙe, inda mai hoto yake ɗora idonsa. Idan ya danna, madubin ya ɗaga, labule ya buɗe ya rufe kamar ƙiftawar ido, haske ya faɗa kan wani ɗan faranti da ya maye gurbin fim na da. Farantin nan ne yake mai da haske hoto. Kamfanin Kodak ya fitar da irin wannan kyamara mara fim a 1991, Nikon kuma ya kawo D1 a 1999, daga nan ƴan jarida suka fara barin fim.

Tsawon ƙiftawar nan shi ne tushen magana. Da rana tsaka labule yana iya buɗewa kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, hannu bai isa ya motsa ba an gama. Amma da almuru, ko cikin zaure, ko ƙarƙashin rumfar kasuwa, dole labule ya daɗe a buɗe kafin haske ya wadata. Cikin wannan jinkiri ne numfashi da bugun zuciya da gajiyar damtse suke shiga hoto, su shafe shi.

Masu sana'ar suna da tsohon ma'auni. Idan tsawon idon milimita 50 ne, kada ƙiftawa ta fi kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa jinkiri. Idan milimita 200 ne, kashi ɗaya cikin 200. Dalili kuwa shi ne dogon ido yana jawo abin da yake nesa, yana kuma girmama rawar hannu tare da shi, kamar yadda mai riƙe da doguwar gora yake ganin bakinta yana kaɗawa ko da hannunsa ɗan motsi kaɗan ya yi. Yawancin kyamarorin da suke zuwa kasuwanninmu masu ƙaramin faranti ne. A gare su sai a ƙara rabin lissafin, wato idon 200 ya nemi kashi ɗaya cikin 300.

Dabarar tsai da rawa

Hanya biyu masu ƙira suka bi. Ta farko a cikin ido take. Akwai ƴan na'urori masu jin motsi, idan hannu ya karkata dama ko ƙasa sai su sanar da ƙaramin inji, shi kuma ya matsar da ɗaya daga cikin gilasan ta yadda haske zai ci gaba da faɗawa wuri ɗaya. Ana yin wannan gyara sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Nikon ya sa ta cikin wata ƙaramar kyamara a 1994, Canon kuma ya fitar da idon farko da ake cirewa mai wannan dabara a 1995, mai tsawon milimita 75 zuwa 300. Alamarta a idon Canon ita ce IS, a na Nikon kuma VR.

Hanya ta biyu a cikin jikin kyamara take: farantin ne da kansa yake motsawa ya bi hasken. Konica Minolta ya fara sa ta cikin kyamara mai madubi a 2004, da Dynax 7D. Sony, wanda ya gaji sashen kyamarorin wannan kamfani a 2006, ya ci gaba da ita, haka ma Pentax da Olympus. Amfaninta shi ne duk idon da aka ɗaura, ko tsoho ne, ya samu gyara.

A nan ne mai saye zai buɗe ido. Canon da Nikon, waɗanda su ne suka fi yawa a wurinmu, ba su sa faranti mai motsi cikin kyamarorinsu masu madubi ba. Wanda ya sayi jikin Canon ko Nikon, aka haɗa masa da idon da ba ya ɗauke da IS ko VR, to bai samu dabarar ba, kome daɗin bakin dillali. A duba rubutun da yake jikin idon, a nemi ɗan makunnin da yake gefensa, a kunna, a leƙa, a danna rabin dannawa: in tana aiki, za a ga hoton ya natsu cikin taga, sau da yawa ma a ji ɗan ƙugi a hankali.

Ribar kuwa ana auna ta da taki. Kowane taki yana ba da damar ninka jinkirin ƙiftawa sau biyu. Idon Canon na 1995 taki biyu yake bayarwa, na baya suka kai uku ko huɗu. Wato mai idon da yake neman kashi ɗaya cikin 200, da taki uku yana iya sauka zuwa 100, zuwa 50, har zuwa 25, hoto ya fito garau. Ga malamin gona da yake son nuna tsutsa a ganyen albasa da sanyin safiya a fadamar Tarka, ko mai hoton ɗaurin aure cikin zaure mai duhu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai dabarar tana da iyaka, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Rawar hannun mai hoto kaɗai take gyarawa, ba ta tsai da abin da ake ɗauka. Tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, ba a taɓa samun ɗan kokowar da ya tsaya jiran mai hoto ba. Shi da doki ranar hawan salla da yaro mai gudu, maganinsu saurin ƙiftawa ne, kashi ɗaya cikin 500 ko fiye. Haka kuma idan aka ɗora kyamara kan mai ƙafa uku, gwamma a kashe dabarar, musamman a tsofaffin idanu, domin takan shiga neman rawar da babu ita, har ta jawo ta.

Gani kai tsaye

Kyamarorin farko masu madubi ba sa nuna kome a allon baya sai bayan an ɗauka, domin madubin ya tare farantin. Olympus E-330 ta 2006 ce ta fara ba da gani kai tsaye mai launi ba yankewa, a 2007 Canon da Nikon suka bi. A yawancinsu madubi ne yake ɗagawa ya tsaya a sama, haske ya zauna kan faranti, allo ya nuna abin da ido yake gani. Daga wannan ƙofa ce hoto mai motsi ya shigo, da Nikon D90 da Canon 5D Mark II, duka a 2008.

Amfaninsa a fili yake. Ana iya girmama wani ɓangare na hoto har sau goma a kan allo, a daidaita gani sosai, abin da yake da muhimmanci ga mai ɗaukar takardar gona ko tsohon rubutun ajami. Idan allon mai juyawa ne, mai hoto yana ɗaga kyamara sama da kawunan taro ranar kasuwa, ko ya sauke ta ƙasa dab da tsiro, ba sai ya kwanta cikin laka ba. Fuskarsa kuma ba ta ɓuya, yana magana da dattijon da yake ɗauka ido da ido.

Amma ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Na farko, batir: gani kai tsaye yana cinye shi da sauri, a kyamarori da yawa hotunan da za a samu ba su kai rabin na tagar leƙe ba, ga shi ƙauyuka da dama sai da hasken rana ake cika batir. Na biyu, zafi: faranti yana ɗumama idan ya daɗe a buɗe, a bazara kuwa, lokacin da ma'auni yake wuce 40, kyamara takan kashe kanta, ko hoto ya fito da ɗige-ɗige. Na uku, rana tana dusashe allo har a kasa ganin kome. Na huɗu, a tsofaffin kyamarori daidaita gani yana da nawa ta wannan hanya. A kyamarorin Canon, sai daga 70D ta 2013 abin ya yi sauri sosai. Na biyar kuma, wanda ya miƙa hannu yana kallon allo ya rasa jinginar goshi, rawa ta ƙaru. Mai leƙe ta taga, gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, tamkar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku.

Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce. Tun 2003, da Olympus E-1, ake ƙera kyamarori masu karkaɗe ƙura daga faranti, amma rigakafi ya fi magani: kada a canza ido a fili cikin iska, kada a hura faranti da baki, kada a goge shi da bakin rawani. Mai sayen ta hannu ya ɗauki hoton sararin sama ko farin bango, ya girmama shi. Duk tabon da ya gani a wuri ɗaya cikin hotuna biyu, a kan faranti yake.

Hoto shaida ne

Wayar hannu ta ƙwace wa masu hoto kasuwa mai yawa, ita ma da yawanta tana tsai da rawa, kuma allonta kai tsaye yake nunawa. Inda mai babbar kyamara ya fi ta shi ne nesa, da duhu, da hoton da za a girmama a rataye ko a ajiye shekara da shekaru. A nan ne sana'arsa za ta tsira, in ya san kayan aikinsa.

Muna kira ga masu hoto da malaman makaranta da ma'aikatan gona da na gandun daji na Madawa da Buza da Keita, su ɗauki darasin Galma. Kowa ya zaɓi wuri guda, ko bakin madatsar ruwa, ko layin dogon yaro na Majiya, ko faƙon da aka farfaɗo, ya ɗauke shi daga mazauni ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara. Ya rubuta sunan wurin da kwanan wata, ya ajiye hoton a wuri biyu, mafi kyawu kuma ya sa a buga su a takarda, domin ɗan katin ajiya yana lalacewa ba sallama. Kuma kada a ɗauki mutum, balle matan aure, sai da izininsa. Iyayenmu mata sun ɗauki duwatsu a ka sun mai da faƙo gona. Abin da ya rage mana shi ne mu bar wa jikoki shaidar da ba ta rawa. Allah shi ba mu ikon yi, amin.