Shugaban Ƙasa: Na Wanda Ya Zaɓa da Wanda Bai Zaɓa Ba

A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a Najeriya, amma waɗanda suka dangwala wa Bola Tinubu ba su cika miliyan tara ba. Atiku Abubakar ya tashi da kusan miliyan bakwai, Peter Obi da miliyan shida da ɗoriya, Rabi'u Kwankwaso da kusan miliyan ɗaya da rabi. Wato ko a cikin waɗanda suka fito rumfar zaɓe, kusan kashi biyu cikin uku wani daban suka so. Haka lissafin kan kasance a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 da ɗaruruwan harsuna, kuma a nan nauyin kujerar yake. Tarihin muƙamin ya nuna cewa an ƙirƙire shi ne domin a tilasta wa mutum ɗaya ya zama na kowa, saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa da kowane shugaba shi ne yadda ya riƙe mutanen da ba su zaɓe shi ba.

Ba da wannan tsari aka fara ba. Da aka samu 'yanci a 1960, salon majalisa irin na Ingila aka gada. Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaminista, shi ke riƙe da gwamnati, Nnamdi Azikiwe kuwa ya zama Gwamna Janar, daga baya shugaban ƙasa na girmamawa bayan an koma jamhuriya a 1963. Firaminista ɗan majalisa ne mai wakiltar mazaɓa ɗaya, kuma jam'iyyun zamanin kowace da gidanta: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Ɗan siyasa na iya kaiwa ƙololuwa ba tare da ya taɓa roƙon ƙuri'ar mutumin wani yanki ba. Illar hakan ta fito fili bayan zaɓen 30 ga Disamba 1964, wanda ƙawancen UPGA na NCNC da AG ya ƙaurace wa a wurare da dama. Azikiwe ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, aka kwana ana tashi babu wanda ya san umarnin wa soja za su bi, har masana shari'a suka fayyace cewa ikon yana wurin firaminista. Sai 4 ga Janairu 1965 aka sasanta. Shekara guda bayan nan sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka kashe Ɓalewa da Sardauna, daga nan ƙasa ta gangara yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Mutanen da suka ga wannan da idonsu ne suka tsara kujerar da muke da ita yau. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin lauya Rotimi Williams, kuma abin da ya fito a 1979 shi ne shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, wanda duk ƙasar ce mazaɓarsa. Sai dai an ɗaura masa sharaɗin da Amurka ba ta da shi. Rinjayen ƙuri'a kaɗai bai isa ba, dole ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Gwajin farko ya zo nan take. Jihohi 19 ne a lokacin, Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano da PRP suka mamaye, ya samu ƙuri'a 243,423 daga cikin sama da miliyan 1.2, abin da bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka a ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Kano a nemi rubu'insu. Abokin hamayyar Shagari, Obafemi Awolowo, ya ce jiha ba ta gutsuruwa, 13 ake bukata. Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya da rinjaye, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Ko wane ɓangare mutum ya bi a wannan gardama, abin lura shi ne makomar mulkin ƙasa ta rataya a kan ƙuri'un jihar da ta juya wa ɗan takarar baya.

Tsarin mulkin 1999 ya riƙe wannan ƙa'ida, yanzu jihohi 24 cikin 36 ake nema. Sharuɗɗan tsayawa takara ba su da tsauri: haifaffen ɗan ƙasa, shekara 35 tun bayan gyaran 2018, ilimin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da shi. Aikin ne mai nauyi. Shi ne babban kwamandan askarawa, kuma rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce ta tarayya, saboda haka idan 'yan bindiga suka afka wa ƙauye a Zamfara ko aka fasa bututun mai a Bayelsa, ƙofarsa ake bugawa. Shi ke kai kasafin kuɗi majalisa, gwamnatinsa ke karɓar kashi 52.68 cikin ɗari na rabon asusun tarayya, kuma dokar da majalisa ta aiko masa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Dole ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, har da wadda ta hana shi ƙuri'a, Majalisar Dattawa ta tantance. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma tsarin mulkin ya mai da wannan magana doka: wanda ya yi maka kamfe da wanda ya zage ka a kan dandamali haƙƙinsu ɗaya ne a wuyanka.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa an tara iko da dukiya a hannun mutum ɗaya har zaɓe ya koma ko a mutu ko a yi rai, ga tsadar yaƙin neman zaɓe a jihohi 36 wadda ta fi ƙarfin duk wanda ba attajiri ba ne ko yaron attajirai. A 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 sun gabatar da ƙudurin komawa tsarin firaminista a kan irin wannan dalili. Maganar tsada gaskiya ce, haka ma maganar tarin iko. Amma maganinsu shi ne a rage kayan da aka jibga wa tarayya a mayar wa jihohi da ƙananan hukumomi, ba a rushe sharaɗin da ke sa ɗan takarar Sakkwato ya nemi abokin tafiya a Kalaba ba. Tsarin majalisa bai yi wa Jamhuriya ta Farko arahar jini ba. Kuma ƙididdigar 2023 ta nuna cewa yankuna na nan da ransu: Tinubu da Atiku kowa ya ci jihohi 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso ya ɗauki Kano. Majalisar da za a gina a kan irin wannan taswira ciniki ne tsakanin shugabannin yankuna zai fitar da firaminista, yadda aka yi bayan zaɓen 1959.

Suka ta biyu ta fi cizo. Ana cewa rubu'in ƙuri'a a jihohi 24 ba ƙaunar jama'a ke kawo shi ba, yarjejeniya ce da gwamnoni da iyayen gidan siyasa, kuma raba muƙamai tsakanin jihohi yakan danne cancanta. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai babu jihar da ta rasa ƙwararren likita, injiniya ko masanin tattalin arziki. Doka ta ce a ɗauko daga ko'ina, ba ta ce a ɗauko ɗan gaban goshin gwamna ba. Idan aka naɗa wanda bai iya ba, zaɓin shugaba ne ya gaza, kuma da shi ya kamata a tuhume shi. Doka iyakarta ta sa shugaba ya zagaya ƙasa ya kuma jera sunaye 36. Ba ta iya sa shi ya gina asibiti a garin da ya sha kaye, ko ya saurari ɗan adawa kafin ya cire tallafin mai.

Akwai kuma wani haƙƙi da waɗanda ba su zaɓa ba suka fi kowa bukata, wato tabbacin cewa kujerar za ta sake fitowa kasuwa. Wanda ya faɗi yana haƙura ne saboda ya san bayan shekara huɗu akwai wani zagaye, kuma babu mai wuce wa'adi biyu. Shi ya sa ranar 16 ga Mayu 2006, da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai buɗe wa Olusegun Obasanjo ƙofar wa'adi na uku, take da muhimmanci, haka ma wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari ya amsa shan kaye a ƙarshen Maris 2015 tun kafin a kammala sanar da sakamako. Maƙwabciyarmu Nijar ta nuna ɗaya fuskar: tazarcen Mamadou Tandja na 2009 ya ƙare da juyin mulki a Fabrairun 2010.

Saboda haka idan lokacin hisabi ya zo, yabon magoya baya ba shi ne shaida ba, domin su da ma sun yarda tun kafin a fara aiki. Tambayoyin da suka dace su ne: nawa aka kashe a jihohin da suka ƙi shugaban, su wa ya damƙa wa tsaro da baitulmali, yaya ya yi da hukuncin kotun da bai yi masa daɗi ba, kuma ɗan jaridar da ya soke shi a gida ya kwana ko a hannun jami'an tsaro. Amsoshin suna cikin kasafin kuɗi da jerin naɗe-naɗe da kundin kotuna, kuma duk mai ƙuri'a yana da ikon neman su kafin ya sake shiga layi.