Tsohuwar A-Kori-Kura Da Ɗakin Kwana Mai Taya

A ƙasar Amurka iyalai da yawa sukan ɗaura wa a-kori-kura ɗakin kwana mai taya, su ja shi zuwa yawon shan iska. Idan motar ta tsufa sai maigida ya shiga wasiwasi, domin sabuwa babba takan haura dala 50,000.

Makanikai ba shekaru suke dubawa ba. Giyabos yakan jigata da zafin jan nauyi a hawan dutse, amma wannan yana gyaruwa. Abin tsoro shi ne tsatsar shasi, musamman a jihohin da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A 2008 kamfanin Toyota ya sake sayen waɗansu tsofaffin Tacoma daga hannun masu su saboda haka. Muddin shasi ya ruɓe, ƙugiyar da ke riƙe da ɗakin ba ta da madogara, ga kuma iyali a cikin mota.