Wa Ya Ɗaura Maka?

A gidajen horon kokawar jiu-jitsu ta Brazil, baƙo in ya shigo da baƙar ɗamara a ƙugu, tun kafin a tambayi sunan garinsu za a ce masa: wa ya ɗaura maka? Ɗamarar ba ta jarrabawar gwamnati ba ce. Malami ne ke zuba wa ɗalibi ido, daga fara zuwa shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, har baƙa, tafiyar da kan ci wajen shekara 10. Ranar ɗauri ana jeruwa a kan shimfiɗa, malamin ya kwance tsohuwar da hannunsa ya ɗaura sabuwa. A wasu gidajen ma sai ’yan uwa sun yi layi sun tsula wa mai sabuwar ɗamara nasu a gadon baya.

Kamar almajirin zaure da ke lissafa malamansa, haka ɗan wasan ke jero nasa. Yawanci silsilar na tuƙewa ne ga Mitsuyo Maeda, ɗan Japan da ya sauka Brazil a 1914, ya koyar da Carlos Gracie a Belém, shi kuma Carlos ya koyar da ƙannensa, har da Hélio. Hotunansu na rataye a bango. A da, wanda ya bar malaminsa ya koma wani gida sai a kira shi creonte, wato maci amana, laƙabin da Carlson Gracie ya yayata.

Sai dai gidan Gracie ba shi kaɗai ba ne. Oswaldo Fadda, ɗalibin Luiz França, ya koyar da ’ya’yan talakawa a gefen birnin Rio, kuma a shekarun 1950 yaransa suka kara da na Gracie, an kuma san su da kamun ƙafa, dabarar da manya ke rainawa.

Yau kuwa yaro na sayen bidiyon wani malamin wasan, John Danaher, a intanet, ya koyi abin da malaminsa bai taɓa gani ba, ya sauya gida ba mai zaginsa. A ganina sunan malami ya daina nuna gwaninta. Abin da ya rage masa shi ne tona asirin ’yan bogi: wanda ya kasa faɗin wa ya ɗaura masa, sai a haɗa shi da mai shuɗiyar ɗamara, minti biyar sun isa.