Rubutu Ya Yi Kyau, Amma Wa Ya Yi Tunanin?

Tambayar da aka yi musu ba ta da wuya: kowa ya faɗi jimla ɗaya daga muƙalar da ya ajiye alƙalaminta yanzu-yanzu. Mutum 54 ne daga jami'o'in yankin Boston a Amurka, an raba su gida uku, kowane gida mutum 18. Gida na farko ya yi rubutu da taimakon ChatGPT, na biyu an bar shi da binciken Google kawai, na uku kuwa daga shi sai kansa. A zaman farko, mutum 15 cikin 18 na 'yan ChatGPT suka kasa kawo jimlar. A sauran gidajen biyu, mutum bibbiyu ne kacal suka gaza.

Masu binciken, na cibiyar fasaha ta MIT ƙarƙashin jagorancin Nataliya Kosmyna, sun sanya wa kowa wata hula mai wayoyi da ke auna motsin lantarki a ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka rubuta da kansu ne sassan ƙwaƙwalwarsu suka fi hulɗa da juna, 'yan Google na biye, 'yan ChatGPT a ƙarshe. Da sakamakon ya fito a watan Yunin 2025, jaridu suka yi ta yamaɗiɗi cewa na'ura na ruɓar da ƙwaƙwalwa, maganar da su kansu masu binciken suka roƙi a daina. Suna da gaskiya. Mutum 54 ba su isa a yanke wa duniya hukunci a kansu ba, kuma a lokacin sauran masana ba su riga sun tantance aikin ba. Sai dai gwajin ya taɓa wurin da ke wa malamai ƙaiƙayi: takarda na iya fitowa tsaf, mai ita bai san abin da ke cikinta ba.

Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022, kuma an ƙiyasta cewa cikin wata biyu ya tara masu amfani da shi miliyan 100. Makarantun gwamnati na birnin New York suka haramta shi a Janairun 2023, zuwa Mayu suka janye haramcin. A Birtaniya, wani binciken jin ra'ayi da cibiyar HEPI ta fitar a 2025 ya nuna kashi 88 cikin 100 na ɗaliban jami'a sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a ayyukan da ake ba su maki a kai, daga kashi 53 a shekarar da ta gabata. Manyan ma ba a bar su a baya ba. Masana a Jami'ar Tübingen ta Jamus sun tace taƙaitattun bayanan muƙalun likitanci sama da miliyan 15, suka ƙiyasta cewa aƙalla kashi 13.5 cikin 100 na waɗanda aka buga a 2024 sun bi ta hannun irin wannan manhaja.

Abin bai zama ruwan dare a banza ba, yana biyan buƙata. A 2023 mujallar Science ta buga gwajin da Shakked Noy da Whitney Zhang suka yi da ma'aikata 453, inda aka ba su rubutun ofis irin na yau da kullum, kamar sanarwar manema labarai da gajeren rahoto. Waɗanda aka ba ChatGPT sun rage lokacin aiki da kashi 40 cikin 100, ingancin aikin ya ƙaru da kashi 18, kuma masu raunin rubutu ne suka fi cin moriya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗalibin da ke tunani da Hausa yake gumi a kan kundin kammala digiri da dole ya fito da Turanci, ya san darajar wannan. Ɗalibin ya san abin da yake son faɗa, harshen ne ke taka masa birki. Manhajar da za ta miƙe masa jimla ta cire masa ƙaya, kuma babu adalci a kira hakan lalaci.

Akwai kuma dalilin da ba na na'urar ba ne. Makaranta da ofis sun daɗe suna saka wa mutum a kan takardar da ya miƙa, don an ɗauka takarda ce shaidar cewa an yi tunani. Yanzu an samu hanyar fitar da shaidar ba tare da aikin ba, ladan kuwa bai canza ba.

Gwajin da ya fi fito da tsadar wannan ciniki an yi shi ne a wata makarantar sakandare a Turkiyya, da ɗalibai kusan 1,000, a darasin lissafi. Hamsa Bastani da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania sun ba wasu ɗaliban GPT-4, wato manhaja irin ChatGPT, yadda take, wasu kuma aka ba su wadda aka gyara don ta riƙa nuni da hanya ba tare da miƙa amsa ba, sauran aka bar su da littafi. Lokacin atisaye, masu manhaja ta farko sun ɗara 'yan littafi da kashi 48 cikin 100, masu ta biyu da kashi 127. Sai aka karɓe manhajar aka ba da jarrabawa. Nan masu ta farko suka faɗi ƙasa da waɗanda ba su taɓa ganin na'urar ba da kashi 17 cikin 100. Masu ta biyu ba su yi wannan asarar ba, amma kuma ba su wuce 'yan littafi ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ɗaliban ba su ji a jikinsu cewa karatunsu ya ja baya ba.

Lissafi ne aka gwada, amma darasin ya fi kama rubutu. Da yawa sun ɗauka mutum yakan gama tunani ne sannan ya zauna ya zuba shi a takarda. Marubuta sun san ba haka abin yake ba. A tsakiyar sakin layi na uku ne mutum ke gano hujjarsa ta farko ba ta da ƙafa, ko misalin da ya kawo ya ƙaryata shi, sai ya goge ya sake lale. Wannan tuntuɓen shi ne tunanin. Manhajar da aka ce wa "rubuta mini" takan tsallake shi gaba ɗaya, ta miƙo abin da ya riga ya daidaita. Kamar ɗan koyon ɗinki ne da maigidansa ke karɓe almakashi duk sanda aka zo yanka: rigunan shagon za su yi kyau, yaron zai shekara bai iya fitar da wuya ba.

Wanda ya bar wa na'ura rubutu, aikin da ya rage masa shi ne dubawa, kuma nan ma akwai rami. Masu bincike na Microsoft da Jami'ar Carnegie Mellon sun tambayi ma'aikata 319 a wani bincike da aka buga a 2025, suka ga cewa gwargwadon yadda mutum ya yarda da manhajar, gwargwadon yadda yake rage bin diddigin abin da ta ba shi. Masu yarda da iyawar kansu ne suka fi tsayawa su tantance. Manhajar kuwa an gina ta ne ta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, don haka da murya ɗaya take faɗin gaskiya da ƙarya, babu inda-inda. A 2023 wasu lauyoyi a New York suka shigar da takarda a ƙarar da aka kai kamfanin jiragen sama na Avianca, ɗauke da tsoffin shari'u shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, har da sunaye da lambobi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ya kamata a karanta, ashe 10 daga ciki babu su a duniya, marubutan ne kawai na gaske.

Waɗannan kurakuran aƙalla ana kama su. Wanda ba a kamawa shi ne yadda muryoyi ke komawa iri ɗaya. Anil Doshi da Oliver Hauser sun sa mutum kusan 300 rubuta gajerun labarai a wani gwaji da aka buga a 2024, wasu da shawarar GPT-4, wasu ba tare da ita ba. Masu karatu sun fi yaba labaran da aka samu taimako, musamman na waɗanda ba su da baiwar ƙirƙira sosai, amma labaran sun fi kama da junansu. Kowane marubuci ya ci riba, kasuwar labari ta yi asara. A Jami'ar Cornell kuma an sa mutum sama da 1,500 su rubuta ra'ayinsu kan ko kafofin sada zumunta alheri ne ga al'umma, aka haɗa wasu da manhajar da aka karkatar a ɓoye zuwa ɓangare ɗaya. Rubutunsu ya bi inda ta karkata, kuma da aka tambaye su ra'ayinsu daga baya, shi ma ya gusa.

Ina ne tsakiyar da ake jan kowa zuwa gare ta? Wani gwajin na Cornell da mutum 118 daga Indiya da Amurka ya ba da amsa. An ce su rubuta game da abincin da suka fi so, da bikinsu, da gwaninsu. Ba'indiyen da ya fara rubuta sunan Shah Rukh Khan, wanda ko a Kano ba ya buƙatar gabatarwa, sai manhajar ta miƙo masa Shaquille O'Neal ko Scarlett Johansson. Rubutun Indiyawan ya karkata zuwa salon Amurkawa, bayanan da suka keɓanta da al'adarsu suka ragu. Ba abin mamaki ba ne, tunda kashi 93 cikin 100 na kalmomin da aka horar da manhajar GPT-3 da su Turanci ne. Indiyawan nan ma da Turanci suka rubuta. Mai rubutu da Hausa, harshen da rabonsa a intanet bai taka kara ya karya ba, yana fuskantar abin da ya fi haka: jimlar da kalmominta Hausa ne, ƙashin bayanta na Turanci. Idan irinta ta cika shafukan labarai da littattafan da ake rabawa a WhatsApp, yaro mai tasowa zai ɗauka haka ake Hausa.

Makarantu da dama sun ruga ga manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. OpenAI da kansa ya rufe tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. A shekarar ce masana a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai a kan muƙalun ɗaliban da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su, suka ga an yi wa kusan kashi 61 cikin 100 tambarin rubutun na'ura alhali mutane ne suka rubuta. Sauƙin kalmomi ne ya ja musu. Malamin jami'a a Najeriya ko Ghana da ya dogara da irin wannan alƙali, ɗalibin da ya yi wahala da hannunsa zai fi kamawa.

Abin da ya fi ba da fata ya fito ne daga birnin Benin na Jihar Edo. A tsakiyar 2024, wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa ya zaunar da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare gaban manhajar Microsoft Copilot bayan an tashi makaranta, sau biyu a mako, tsawon mako shida, suna koyon Turanci. Yaran bibbiyu suke zama, malami na tsaye a kansu yana tsara tambayoyin farko, yana kuma nuna musu cewa manhajar na iya shirga ƙarya. Masu binciken sun kwatanta ci gaban da aka samu da na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu na karatun da aka saba. Ya kamata a karɓi wannan adadi da taka-tsantsan, domin jarrabawar da aka yi dab da kammala shirin tana auna ƙwarewar harshe ne, ba ta auna ko yaro zai iya kafa hujjar kansa bayan shekara biyar.

Duk da haka, da alƙalami da takarda yaran Edo suka rubuta jarrabawar, babu na'ura a gabansu, kuma sun ɗara takwarorinsu. Abin da ya raba su da rukunin farko na Turkiyya shi ne malami da tsari, tunda injin da ke ƙarƙashin manhajojin biyu GPT-4 ne. Hanyoyin da jami'o'i a ƙasashe da dama suke komawa gare su, wato rubutu a cikin aji, kare aiki da baki, da duba daftarin farko kafin na ƙarshe, duk lokacin malami suke ci. A ɗakin laccar da ɗalibai ɗaruruwa ke gaban malami guda, lokacin nan ne ya fi komai ƙaranci, ChatGPT kuwa kyauta yake buɗewa a wayar kowannensu muddin akwai data.