In dandali ya watse: yadda ake haɗe garuruwan wasa na intanet

A ƙauyukan Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Runji, kowa ya san abin da rani yake yi wa dandali. Da an gama girbi, an zuba dammunan hatsi a rumbu, sai samari su kama hanyar biɗa, wasu Maraɗi, wasu Najeriya, wasu arewa wajen haƙar zinariya. Yaran da suka rage ba su isa a raba su gida biyu a yi langa ba, don haka sai na wannan unguwa su bi farin wata zuwa dandalin waccan. A nan magana take tashi: wa ke da wuri, wa zai yi shugabanci, dokar wa za a bi.

Wannan matsala ta bi mutane har cikin wasannin intanet, irin waɗanda dubban jama'a suke shiga lokaci ɗaya ta kwamfuta ko ta salula. Kamfanin da ya ƙera wasa ba ya tara kowa wuri guda. Yakan ɗora duniyar wasan bisa manyan na'urori da yawa, waɗanda ake kira uwar garke. Kowace uwar garke tamkar gari ce: duwatsu iri ɗaya, hanyoyi iri ɗaya, amma mazauna dabam, kasuwa dabam, sarakunan yaƙi dabam.

Abin da ya sami kamfanin Amazon ya isa misali. Ranar 28 ga Satumba 2021 ya fito da wasan New World. Kowane gari na ɗaukar mutum wajen 2,000 kawai a lokaci ɗaya, ga shi kuwa cikin ƴan kwanaki masu wasa sun haura 900,000. Mutane suka riƙa jiran sa'o'i kafin su sami shiga, kamfani ya yi ta buɗe sababbin garuruwa cikin gaggawa. Kafin shekara ta ƙare, fiye da rabin jama'ar sun janye. Garuruwa suka zama kufai: mai sayarwa ya kasa kaya babu mai tayawa, mai neman abokan yaƙi ya yi kira babu mai amsawa. Kuɗin lantarki da na kula da na'urori kuwa ba su san an watse ba. A watan Disamba aka fara haɗe garuruwan.

Haɗewar ba ta zo wa kowa da daɗi ba. A cikin wannan wasa ƙungiyoyi suna cin ƙasa da yaƙi, su riƙe ta, su karɓi haraji. Waɗanda aka tayar da garinsu sun tafi da dukiyarsu da makamansu, amma ƙasar da suka ci ba ta bi su ba. Jiya masu mulki, yau baƙi. Kada mai karatu ya ce ai wasa ne: wasunsu sun zuba watanni na rayuwarsu da kuɗin aljihunsu a ciki.

Maganar suna ta fi wannan zafi. A wasanni da yawa mutum biyu ba su iya ɗaukar suna ɗaya cikin gari ɗaya. A watan Nuwamba 2017 masu wasan Star Wars: The Old Republic suka mai da garuruwa 17 zuwa 5. Inda suna ya zo ɗaya, aka ba mai biyan kuɗin wata fifiko bisa wanda ba ya biya. In sun yi kunnen doki, a duba wanda ya fi daɗewa yana wasa. Wanda aka kayar sai ya sake suna, ko da ya shekara biyar abokansa na kiransa da shi. Shari'a ce mai sauƙin zartarwa, amma ta jingina ga mai hannu da shuni.

Kamfanin Blizzard ya fi dabara. Wasansa World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya kai masu biya miliyan 12 a 2010, ya sauko miliyan 5 da rabi a 2015. Tun 2013 ya fara ƙulla ƙananan garuruwa biyu ko fiye su zama ɗaya a kasuwa da ƙungiyoyi, ba tare da share sunan kowane ba. Kowa ya riƙe sunansa, a liƙa masa sunan garinsa a baya. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gobir, inda malamin makaranta yake raba Abdu Tibiri da Abdu Cadakori. Shi kuwa wasan EVE Online, na wani kamfanin ƙasar Aislan, tun 2003 gari ɗaya ya yi wa kowa, in ban da ƴan Sin. Bai san kufai ba, sai dai cunkoso: in babban yaƙi ya tashi, akan rage gudun agogon wasa har abin minti 1 ya ci minti 10.

Ga saurayin Gidan Sori da ya cika batirinsa da hasken rana ya shiga irin wannan wasa, abu biyu suka fi shafarsa. Na farko nisa. Nijar ba ta da bakin teku, saƙonsa sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya hau wayar ƙarƙashin ruwa, kuma duk lokacin da aka tayar da gari zuwa na'ura mai nisa, bugunsa yakan isa bayan na abokin gaba. Ƴan Ostareliya sun ɗanɗana haka a 2013, da aka rufe garuruwansu na Star Wars aka kai su Amurka. Na biyu harshe. Cikin garuruwa 5 da suka rage a 2017, uku na Ingilishi ne, ɗaya na Jamusanci, ɗaya na Faransanci. Bahaushe sai ya zaɓi gidan da zai yi baƙunci, ya nemi ƴan'uwansa a ciki su kafa zango.

A watan Oktoba 2025 Amazon ya ba da sanarwa cewa ya daina ƙara sabon abu cikin New World, shekara huɗu bayan dogon layin nan na ranar farko.