Rabonmu a Harkar Ƙarfe Ya Koma Bola

A ƙarshen Satumban 2024 kamfanin Tata ya kashe tanderunsa na ƙarshe mai narkar da tama a Port Talbot ta Birtaniya, aka yi lissafin guraben aiki kusan 2,800 za su tafi. Wanda zai maye gurbinsa na lantarki ne, tsohon ƙarfe yake ci, kuma ma'aikata kaɗan sun ishe shi. Ƙarfen duniya kuwa, fiye da rabinsa Sin ke yi yanzu. Masana'antu suna ƙaura, aikin yana bin su, masu sabon tanderu kuma suna neman tsohon ƙarfe ruwa a jallo.

Mu fa? An aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun kusan 1980 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau tanderunta bai narkar da tama ba. Masana'antun rodi na Katsina da Jos da Osogbo sun dogara ne da ƙarfen masana'antar Aladja. Da can ya tsaya, su ma sai suka durƙushe, aka sayar da su. Abin da ya rage mana shi ne jari-bola.

To, jama'a, a yi hattara. Yaron da ya kamata a ce yana aji, ga shi da buhu a kafaɗa da maganaɗisu ɗaure a igiya yana jan sa cikin shara. Mai sikeli ba ya tambayar daga ina, kilo kawai yake dubawa. Da bola ta ƙare sai a koma kan murfin kwalbati, da wayar lantarki, da ƙofar makaranta, har da layin dogo. A 2023 sai da gwamnatin Borno ta haramta sana'ar bayan 'yan bindiga sun kashe matasa masu tsintar ƙarfe a daji.

Ba a ce duk ɗan gwangwan ɓarawo ne ba. Yawancinsu halaliyarsu suke nema. Amma dillalin da ya sayi ƙarfen dogo da tsakar dare ya san abin da ya saya. Masu unguwanni su san kowane sikeli da ke unguwarsu da mai shi. Iyaye su tambayi yaro inda ya samo kuɗi. Hukuma kuma ta daina tsayawa kan yaro mai buhu, ta bi tirelar da ke ɗaukar ƙarfen har ƙofar masana'antar da ke narkar da kayan, ta nemi takardar saye.